Tsarabar gwaggo daga Kano, ashe littafin matan aure ne a ciki

Assalamu alaikum Malama. Ina rubuto miki daga Garin Malam, nan Damagaram. Yarana huɗu, babbarsu mace ce, shekararta 11, tana CM2, ajin ƙarshe na firamare. Yarinya ce mai son karatu, ko takardar da aka ƙunso ƙosai ta samu sai ta karanta. Yayar maigidana tana zuwa Kano saro atamfa da leshi. A tafiyarta ta bayan nan ta kawo wa yara tsaraba, ta ba babbar littattafan Hausa guda biyar da ta saya wajen wani mai talla a tasha. Ita gwaggon ba ta yi boko ba, hoton bango ta duba ta ce a zaɓo mata na ƴan mata. Ni kuma ban buɗe ba, na yi godiya na koma bakin murhu. Bayan kwana goma maƙwabciyata ta shigo da ɗaya a hannu, ranta a ɓace, ta ce a ƙarƙashin matashin ƴarta ta tsince shi, kuma ƴata ce ta ba ta aro. Da na buɗe, Malama, ni da nake ɗakin miji shekara 13 sai da kunya ta rufe ni. Na mari yarinyar, na haɗa duka biyar na cusa a wuta. Yau sati biyu ke nan ba ta haɗa ido da ni, in na shiga ɗaki sai ta fita. Ban faɗa wa babanta ba, na san halinsa, yana iya cewa ta bar lakwal, wato makarantar boko. Maƙwabciyar ta hana ƴarta shigowa gidanmu. Gwaggon ba ta san komai ba, jiya ma ta aiko tana tambaya ko yarinyar ta ji daɗin littattafan. Ƴata ta lalace ke nan? Wa zan faɗa wa, wa zan ɓoye wa? In hana ta karatun Hausa gaba ɗaya?

Uwar yara huɗu

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya sanyaya miki zuciya.

Bari in fara da tambayar da na san ita ke hana ki barci. A'a, ƴarki ba ta lalace ba. Babba ne ya miƙa mata littafi da hannunsa, a gaban uwarta, aka ce ga tsarabarki, ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. Wace katanga ta haura? Ba zan ruɗe ki in ce ba ta gane komai ba. Ƴar shekara 11 ta san akwai abin da manya ke rufe ƙofa a kansa, kuma da ta iso wurin nan a littafin, mai yiwuwa tsoro ya kama ta, ƙyama ta kama ta, son sani kuma ya hana ta ajiyewa, duk a lokaci guda. Aron da ta ba ƙawarta daga nan ya fito. Abin ya fi ƙarfin cikinta, ba ta ga babban da za ta tunkara da shi ba, sai ta kai wa sa'arta don su haɗu su yi mamaki.

Na yi fiye da shekara 20 ina riƙe da alli a firamaren garin nan, kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na zaro irin wannan takarda daga tsakiyar kaye, wato littafin rubutu, an lulluɓe ta da bangon littafin lissafi. Yaran nan yau wasu ungozomomi ne, wasu suna koyarwa, wasu mukan haɗu a kasuwar Dole da goyo a baya, su durƙusa su gaishe ni, matan kirki. Ƴan kaɗan da abin ya bi, in na tuna, waɗanda aka tara wa jama'a ne aka kira su da sunan banza a gaban ƙannensu, har suka ɗauki sunan suka rataya a wuya. Ko a wajen Allah, hadisin da Abu Dawuda da wasunsa suka ruwaito ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. In Mahalicci bai rubuta mata ba, ke ma ki ajiye naki alƙalamin.

Marin nan kuwa, ba zan yi miki kara ba, bai sauka inda ya dace ba. Na san inda ya fito. Maƙwabciya na tsaye a kanki, ga kunya, ga tsoro, ga haushin kanki da ba ki buɗe littafin ba tun ranar farko, sai hannu ya nemi wanda ya fi kusa kuma ba zai rama ba. Amma ki dubi abin da yarinyar ta koya a ranar. Ta koyi cewa duk maganar da ta shafi jiki da aure, in ta matso kusa da Mama da ita, mari ne sakamakon. Wannan karatun ya fi ba ni tsoro a kan abin da ke cikin shafukan. Nan da shekara ɗaya ko biyu za ta ga jinin al'ada. Wata rana wani zai tare ta a hanyar lakwal ya faɗa mata magana. Wata rana wani zai nuna mata abu a waya. A duk waɗannan ranakun, ke kike so ƙafarta ta fara kawo ta wurinki, kuma yau, yadda kika faɗa da bakinki, in kin shiga ɗaki fita take yi.

To aikin farko, kafin gwaggo, kafin maigida, kafin maƙwabciya, ki ba ta haƙuri. Na san nauyin wannan a bakin uwa Bahaushiya, balle a kan ƴar fari, wadda wata uwar ko sunanta ba ta kamawa. Ba sai kin zaunar da ita gaba da gaba kamar a gaban alƙali ba, hakan ƙara rufe mata baki zai yi. Ki nemi aikin da ake yi ba a kallon juna: tsifar kai, tsinkar zogale, ko zaman jiran bokiti ya cika a daren da famfo ya ga dama ya kawo ruwa. Ni tsifa na fi so. Kanta na kan cinyarki, idonta na ƙasa, hannunki na cikin gashinta, ki ce mata: "Ranar nan na mare ki, ban kyauta ba. Ba laifinki ba ne. Littafin na manya ne, gwaggonki ba ta sani ba, ni ma ban duba ba. Tsoro ne ya kama ni." Sai ki ja bakinki ki ci gaba da tsifa. Kada ki cika shirun da wa'azi. Tana iya fashewa da kuka, tana iya ƙin cewa uffan ranar nan. Duka biyun ba komai, maganar ta shiga.

In ta saki jiki, ko ranar ko bayan kwana biyu, ki tambaye ta abu biyu: akwai abin da ya ba ki tsoro a ciki, akwai abin da ba ki gane ba? Kada ki ce ta maimaita miki abin da ta karanta, kada ki tsare ta da "har ina kika kai". Ta kai ƙarshe, ki ɗauka haka. Akwai kuma tambaya ta uku da nake so ki yi sau ɗaya, da murya irin ta tambayar ko ta ci abinci: kafin littafin nan, akwai wanda ya taɓa nuna miki irin wannan, ko ya faɗa miki, ko ya taɓa ki inda bai kamata ba? Mafi rinjaye za ta ce babu, ki gode wa Allah ki wuce. In kuwa ta ce akwai, ki danne fuskarki, ki gaskata ta, ki sanar da babanta a ranar, ku kai ta gidan likita. Haka nan in wata guda ya wuce tana firgita cikin barci, ko ta koma fitsarin kwance, ko ta ƙi zuwa wani gida da ta saba zuwa, to wannan ya wuce maganar takarda, a bincika.

Yanzu ga inda iyaye da yawa ke tsayawa, su ce an shirya, a bar kaza cikin gashinta. Ni ban yarda ba. Littafin ya dama mata gaskiya da ƙarya a ƙwarya ɗaya, kuma in ba a tace mata ba, haka za ta sha. Irin waɗannan labaran sau da yawa suna nuna aure kamar ba komai a cikinsa sai ɗaki, suna nuna namijin da ke tilasta wa mace a matsayin wanda so ya fi ƙarfinsa, suna nuna yarinya tana kuka sannan a ce daga baya ta gode. Wannan ne dafin, ya fi kalmomin batsar kansu daɗewa a zuciya. Tana bukatar ta ji daga babba cewa marubuci yana ƙara gishiri don a saya, cewa wanda ke son mutum ba ya tsorata shi, cewa jikinta amana ne kuma babu wanda ke da izinin taɓa shi ko ganinsa, ko ɗan uwa ne, ko malami ne, kuma duk wanda ya ce mata "kada ki faɗa wa Mama" to maganar da za a fara faɗa wa Mama ke nan. Ta kuma san me ke tafe mata: ƙirji, gashi, jini, da yadda ake tsarki. Ƴan mata kan fara sauye-sauyen balaga tsakanin shekara 8 da 13. Taki tana tsakiyar wannan, ba ki yi sauri ba.

Masu cewa addini ya hana a yi wa yaro irin wannan magana, su tuna da Ahalari da ake biya wa yara a zauren malam da Islamiyya. Babin wanka yana ciki, da janaba, da haila, da jinin biƙi, malam yana fassarawa da Hausa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba mu taɓa jin an ce ya ɓata yara ba. A Suratun Nur, aya ta 58, an ce yaran da ba su balaga ba su nemi izini kafin su shiga wa iyaye a lokuta uku: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi, da bayan isha'i. Yaya za ki koya wa yaro wannan ba tare da ya fahimci akwai sirri tsakanin miji da mata ba? Hadisi ya ce a raba wa yara shimfiɗa in sun kai goma. Nana A'isha kuma yabon matan Madina ta yi da cewa kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Abin da aka hana shi ne ƙazantar lafazi. Bayani mai tsabta, daidai da shekarun yaro, malamanmu sun daɗe suna yinsa.

In bakinki ya yi nauyi duk da haka, al'adarmu ba ta bar ki ke kaɗai ba. Abin da uwa ke jin kunyarsa, kaka ce ke ɗauka, ko ƙanwar uwa, ko gwaggo. Kin ga abin dariya a nan: wadda ta kawo matsalar cikin jakar tsaraba, ita ce ɗaya daga cikin waɗanda al'ada ta ɗora wa gyaran. Amma ban haƙurin kam naki ne, ba a aika wani ya bayar.

Mu zo kan gwaggon. Ki faɗa mata, kuma kada ki bari ta ji a bakin wani. Matar nan ta tsaya a tasha, da kaya a ka, da lissafin canjin naira da sefa a zuciya, ta tuna akwai ƴar ƙanenta mai son karatu, ta cire kuɗi daga ribarta. Gwaggo nawa ke yin haka? Yawanci ɗan kunne da alawa ne. Ki je da ƙafarki, ba ta waya ba, ba ta bakin yaro ba. Ki fara da godiya, sannan ki ce: "Yaya, mai tallan nan ya cuce mu, ya haɗa miki da wani littafi na matan aure." Ki lura da "mu" ɗin nan, ita ce za ta tsayar da ku a gefe guda. Za ta ji zafi, za ta ji kunya, wataƙila ta ce ai daga yau ba ta ƙara kawo wa kowa komai. Ki tare ta da cewa ke ma mai karatun ba ki buɗe ba, balle ita. Allah da kanSa Ya ce a Suratul Ahzab babu laifi a kan abin da aka yi bisa kuskure, sai abin da zuciya ta yi ganganci. Sannan ki tambaye ta abin da ya fi gaggawa: a wannan tafiyar, ta ba wasu gidajen irin wannan tsaraba? Mai sayen biyar yana iya sayen goma. Wataƙila yanzu haka wani yana ƙarƙashin matashi a Birni ko Zango, ba wanda ya sani.

Kuma don ki samu abin faɗa mata, ki san cewa ko ɗan boko yana faɗawa wannan ramin. Tun shekarun 1980 Kano ke fitar da ƙananan littattafan Hausa na soyayya da zaman gida, mata ne suka fi rubutawa, mata ne suka fi karantawa, suna bin motocin kaya ta Daura da Matamaye ko ta Magarya su iso mana. Bangonsu kusan iri ɗaya ne, budurwa da gyale da lalle, ko na wa'azi ne ko na sharholiya, kuma ba a saba rubuta shekarun mai karatu a jiki ba. A 2001 Kano ta kafa hukumar tace fina-finai, wadda daga baya ta shiga harkar marubuta. Amma yau kasuwar ta koma waya. Ana sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad, wani kyauta, wani sai an biya, ba ya bi ta hannun kowa kafin ya isa ga mai karatu. Masu rubuta na batsa sukan sa gargaɗi a sama cewa na matan aure ne. In wani ya kwaso ya buga a takarda don ya sayar a tasha, me zai sa ya bar gargaɗin da zai rage masa ciniki? Ko da ma an bar shi, ki faɗa mini, wace talla ce ta fi wannan jan ƴar shekara 11?

Ba na son ki ɗauka duk marubutan nan haka suke. Da yawansu a kan auren dole suke rubutu, da zaluncin kishiya, da karatun ƴa mace, kuma mata da yawa a ƙasar Hausa ta hanyarsu karatun boko ya zauna musu. Ke ma biyar kika ƙone, ɗaya kika buɗe. Sauran huɗun Allah kaɗai Ya san ko ba su ci ba su sha ba.

Maigida dole ya ji. Maganar da maƙwabciya ta sani, mijinta ya sani, kuma abin da mijin maƙwabciya ya sani, tazararsa da majalisar ƙofar masallaci ba ta da yawa. In ya tsinta a can, laifi biyu zai ɗora miki, kuma na ɓoyewar zai fi yi masa ciwo. Sai dai ki bi tsari: ki shirya da yarinyar, ki gana da gwaggo, sannan shi. In da hali ma, gwaggon ta zo da kanta a faɗa masa a gabanta, ko ita ta buɗe maganar. Yayarsa ce. Namijin da zai daka wa matarsa tsawa yakan sauke murya in yayarsa ta ce ni na kawo, ban sani ba. A zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, yara ba sa kusa, kuma a fara da cewa an riga an magance.

In ya kawo maganar barin lakwal, amsar a fili take: littafin ba ta ƙofar lakwal ya shigo ba, ta ƙofar gidansa ya shigo, a hannun jininsa. Cire ta daga aji ba zai goge abin da ta karanta ba, sai dai ya bar ta da yini guda ba abin yi. Na ɗan tsaya a nan ne don na ga yadda ƙaramin tsoro irin wannan ke zama sanadin babban hukunci. A ce yarinya ta buɗe ido, a ce gara a rufa mata asiri, kafin ka ce kwabo an karɓi goro. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cikin mata 100 a Nijar, 76 an aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma saboda irin wannan ne gwamnati ta fitar da doka a Disamban 2017 don kare ƴa mace da ke karatu. Ban ce maigidanki yana da wannan niyya ba, ban san shi ba. Na ce dai kada kuskuren manya uku, mai talla da gwaggo da ke, ya zama ƴar CM2 ce za ta biya da makarantarta.

Maƙwabciya kuwa, ta yi miki alheri, ko da fuskarta a murtuke ta zo. Gidanki ta shigo da littafin, ba ta zaga unguwa da shi ba. Ki je ki ba ta haƙuri, ki faɗa mata yadda aka yi tun daga tasha, ki roƙe ta kada ta doki tata. Maganar hana yara haɗuwa kada ki matsa. Hanyar lakwal ɗaya suke bi, kafin manya su gama fushi sun shirya.

Sauran tambayarki ta hana karatun Hausa. Kada ki kuskura. A 2007 gwamnan Kano na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya jagoranci ƙona irin waɗannan littattafai a wata makarantar ƴan mata. Yau shekara nawa, an daina karantawa? Murhunki bai fi wutar gwamna ƙarfi ba. Yarinyar da ke karanta takardar ƙosai yunwa take ji, kuma mai jin yunwa in ba a ba shi tuwo a gida ba, zai ci abin da ya samu a hanya. Ki kuma dubi abin da ke hannunki. A lakwal da Faransanci ake koya mata, amma ta zauna ta cinye littafin Hausa tun daga bango har bango cikin ƴan kwanaki. A ajin da na koyar, yaro nawa ke iya wannan a CM2? A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kuma a 2025 hukumomin ƙasar nan suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma har yau uwar da ke neman littafin Hausa na yara a garin nan sai ta sha yawo. Wannan giɓin ne mai tallan tasha ya cike. Abin takaicin ke nan, kuma ba laifin ƴarki ba ne.

Ki nemo mata abin da zai ƙosar da ita. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi uku ne, tun shekarun 1930 aka rubuta shi don ƴan makaranta, kuma har yau yana riƙe yaro. Akwai ƙissoshin annabawa da tarihin sahabbai da Hausa wajen masu sayar da littattafan addini. Ki tambayi madam ɗin ajinsu abin da za ta iya ba ta aro na Faransanci. Ki kuma saya mata kaye sabo guda ɗaya, ki tura ta wajen kakarta ta rubuto tatsuniyoyi da labarin Sarki Tanimun da ganuwar Birni yadda tsohuwar ta ji daga nata iyayen. Mai son karatu irin wannan, sau da yawa marubuci ne ke kwance a cikinsa.

Duk littafin da zai shigo daga yau, ko wa ya kawo, ya kwana a hannunki tukuna. Ba sai kin karance shi ba, na san aikin gida. Farkon littafi ba ya nuna komai, kowa da bisimilla da godiya ga iyaye yake farawa. Ki buɗe tsakiya, ki buɗe kusa da ƙarshe, kuma in labarin aure ne ki nemi wurin da aka kai amarya ki karanta shafi biyu na bayansa. A nan marubuci ke nuna halinsa. Ki duba ko akwai sunan marubuci da na maɗaba'a, wanda ba shi da ko ɗaya ki yi hattara da shi. Wata dabarar da ta fi wannan sauƙi, ta kuma fi daɗi: ki sa ta riƙa karanta miki da ƙarfi a tsakar gida kina tuƙa tuwo, ƙannenta na saurare. Labarin da ba zai karantu a tsakar gida ba, ita da kanta za ta tsaya, ke kuma kin ji inda ta tsaya.

Akwai abu ɗaya da ba ki tambaye ni ba, amma ba zan rufe ba tare da na taɓa shi ba. Wayarki. Littafin takarda ya zo sau ɗaya daga Kano, ita kuwa waya tana kwana a ɗakinki, kuma na tabbata kina miƙa wa yara su yi wasa in kina son su bar ki ki huta. Ki zauna yau ki duba zaurukan WhatsApp da kike ciki, na matan aure, na gyaran jiki, na labarai. Abin da ake turowa a can yana sauka cikin ma'ajiyar hotuna da kansa in ba ki kashe saukarwar ba, kuma ana kashewa a saitin WhatsApp ɗin, haka nan ana iya hana hotunan wani zaure fitowa cikin sauran hotuna. Ki sa wa wayar lambar sirri wadda ba shekarar haihuwar yaro ba, don sun fi ki saurin ganewa. Su kansu kamfanonin WhatsApp da Facebook shekara 13 suka sa a matsayin mafi ƙarancin shekarun mai amfani, naki yaran kuwa babu wanda ya kai. Ki kula da katin da ake kaiwa wajen masu caji a loda waƙoƙi, ba kullum abin da aka ce a zuba kaɗai ake zubawa ba, musamman ga ɗanki namiji in ya fara leƙa fadar samarin unguwa. Sannan labaran nan da ake karantawa da murya a YouTube, waɗanda mata ke kunnawa suna wanki. Mun ɗauka yaro yana wasan ƙasa ba ya ji. Yana ji sarai. Ban ce kina yi ba, ƙanwata. In kina yi, ki sayi abin sawa a kunne, bai kai kuɗin sabulun wata ba.

Gwaggo kuma za ta sake komawa Kano, sana'arta ce. Kada ki ce mata ta bar kawo littafi, wannan zai karya mata zuciya, ya kuma nuna wa yarinyar cewa karatun ne laifin. Kafin ta tafi, ku zauna ku uku, ke da ita da yarinyar, ku tsayar da sunayen littattafan da ake so, a rubuta a takarda ta soke a bakin zane, in ta je shago ta miƙa ta ce waɗannan kaɗai, ba ƙari. Ki bar yarinyar ta rubuta takardar da hannunta.